Shin Ko Kun San? Wani Kaushin Fata Na Hunturu Ne, Wani Kuma Ƙofar Ciwon Daji

Shin ko kun san cewa saman fatarku da farcenku da gashin kanku duk da abu guda aka gina su? Sunansa keratin. A can ƙasan fata ake haifar sababbin ƙwayoyi, su riƙa hawowa sama suna cika da keratin, su mutu, su kaɗe, wasu su maye gurbinsu. Zagayen yakan ci wajen wata guda. Idan keratin ya taru wuri ɗaya ya ƙi kaɗewa, sai wurin ya yi kaushi, ko ya yi tudu, ko ya yi ɓawo. Wannan taruwar ce likitoci ke kira keratosis.

Shin ko kun san cewa lalurorin da ke amsa wannan suna ba halinsu ɗaya ba? Akwai wadda man shafawa kawai take so. Akwai wadda ko an bar ta har tsufa ba abin da za ta yi wa mai ita. Akwai kuma wadda take share wa ciwon daji hanya. Abin da ke damuna shi ne yadda muke yin abin a baibai: marar cutarwar ita muke kashe wa kuɗi muna ƙonawa da ƙwaƙula, mai haɗarin kuwa mu ce ai zafin rana ne, zai wuce.

Shin ko kun san ƙananan ƙurajen nan masu kaushi da ke fitowa a bayan dantse, da cinya, wani lokaci har kumatun yara, ba ƙazuwa ba ne kuma ba ƙazanta ba ce? Keratosis filaris ke nan. Keratin ne ke toshe bakin ramin da gashi ke tsirowa, sai kowane rami ya yi ɗan tsini. Gadonsa ake yi, ba a ɗauka daga wani, kuma ba ya zama daji ko kaɗan. Da hunturu yake tashi, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar Kano ke tsotse laimar jiki, ƙafa ta yi faso, leɓe ya tsage. Masu dirje shi da soso mai kaifi da ruwa mai zafin gaske ƙara fusata shi suke yi. A yi wanka da ruwa mai ɗumi, a shafa man kaɗanya ko basilin tun jiki bai gama bushewa ba. Wanda nasa ya yi yawa, man da ke ɗauke da sinadarin yuriya ko laktik asid yana laushe shi. Sau da yawa kuma yana raguwa da kansa idan shekaru suka ja.

Shin ko kun san baƙaƙen ɗige-ɗigen da ke fitowa a kumatu da gefen ido da wuyan iyayenmu mata, waɗanda wasu ke ɗauka tawadar Allah ce ta yi yawa, suna da tarihi a littattafan likitanci? Wani likita ɗan Italiya, Aldo Castellani, shi ya fara bayyana su a 1925 bayan ya gan su a jikin baƙaƙen fata a Jamaika da Amurka ta Tsakiya. Duk wanda ya taɓa kallon fuskar ɗan wasan Amurka Morgan Freeman ya san su. Reshe ne na wata babbar lalura mai suna saboriyik keratosis, wadda za mu iya kira tsiron manyanta: tudu ne mai launin ƙasa ko baƙi, mai ɗan maiƙo, da ka gan shi sai ka ce ɗora shi aka yi a kan fata, yana fitowa a baya da ƙirji da fuska yayin da mutum ya haura arba'in. Sun fi yawa ga mata, suna bin dangi, kuma ba sa rikiɗa su zama daji.

To amma fa ana cire su, kuma a nan matsalar take. Hajiya za ta shiga layin masu kayan shafe-shafe a kasuwar Sabon Gari ta ce, “Ɗana, a ba ni abin da zai cinye mini waɗannan.” A miƙo mata ƙaramar kwalba marar ko rubutun abin da ke ciki. Ruwan ya ci tsiron, ya ci fatar da ke kewaye da shi, a ƙarshe ɗigon da bai kai ƙwayar gero ba ya bar baƙin tabo mai faɗin farce. Baƙar fata tana da saurin yin tabo, ga wasu ma tabon kumbura yake yi ya yi ta girma. Likitan fata yana da ƙaramar na'urar lantarki da ke busar da tsiron, ko ɗan almakashi da yake datse mai wuya, kuma yakan fara gwadawa a ɗaya ko biyu ya ga yadda jiki zai warke kafin ya taɓa sauran. Wanda bai dame shi ba, barinsu ya fi.

Shin ko kun san cewa idan irin wannan tsiro ya ɓarke da yawa a ɗan ƙanƙanin lokaci, ga ƙaiƙayi, ga rama, likitoci kan binciki cikin mutum? An sha ganin haka tare da dajin tumbi ko na hanji. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, amma ya isa dalilin zuwa asibiti.

Shin ko kun san cewa a jikin baƙar fata, mugun dajin nan melanoma ya fi son tafin ƙafa da tafin hannu da ƙarƙashin farce, wuraren da rana ba ta ma cika taɓawa? Shi ne ya yi ajalin mawaƙin Jamaika Bob Marley a 1981 yana da shekara 36, kuma daga ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafarsa ya fara. Tsiron manyanta ba ya fitowa a tafin ƙafa ko na hannu. Saboda haka baƙin tabo a tafin ƙafa da ke faɗaɗa, ko yake canja launi, ko yake tsattsafo da jini, kada a saka shi a sahun marasa cutarwa.

Yanzu ga wanda ya sa na ɗauki alƙalami.

Shin ko kun san akwai kaushin da rana ce da kanta take sassaƙa shi? Likitoci na kiransa aktinik keratosis, kaushin rana. A cikin hasken rana akwai wani sashe da ido ba ya gani, wanda masana ke kira UV. Yana ratsa fata ya lalata tsarin gadon da ke cikin ƙwayoyinta. Jiki yana gyarawa, rana tana sake ɓatawa, shekara da shekaru, har wasu ƙwayoyin su fara hayayyafa ba bisa ƙa'ida ba. Abin da ke fitowa fili ɗan wuri ne mai ja-ja ko ruwan ƙasa, mai ɓawo, sau da yawa bai kai faɗin farce ba. Yatsa yana riga ido gane shi: ka shafa ka ji kamar sanfefar kafinta. A ɓanɓare ɓawon, ya dawo. Mazauninsa goshi, hanci, saman kunne, ƙeya, sanƙo, bayan hannu da leɓen ƙasa.

Shin ko kun san matuƙan jirgin ruwa da manoman inabi ne suka fara tona asirin rana? A 1894 likita Paul Gerson Unna na birnin Hambog a Jamus ya bayyana yadda fatar ma'aikatan jirgin ruwa ke lalacewa har ta kai ga daji. A Faransa kuma William Dubreuilh ya lura cewa dajin fata ya fi kama masu aiki a gonakin inabin Bodo fiye da mazauna cikin gari, kuma a sassan jikin da tufa ba ta rufewa yake fitowa.

Shin ko kun san cewa ba kowane kaushin rana ne ke zama daji ba? Idan aka ɗauki guda ɗaya, yiwuwar ya rikiɗe cikin shekara ƙarama ce, wasu ma ɓacewa suke yi da kansu. Sai dai ba mai iya nuna wanda zai rikiɗe da wanda ba zai rikiɗe ba, kuma mai guda talatin ba daidai yake da mai guda ɗaya ba. Mafi yawan dajin fata nau'in sukwamos da ke fitowa a wuraren da rana ke duka daga irin wannan kaushin yake tasowa. Alamun juyawarsa sanannu ne: ya yi kauri, gindinsa ya yi tauri, ya fara zafi in an taɓa, ya riƙa jini, ya girma cikin 'yan makonni, ko ya buɗe ya zama miki ya ƙi warkewa. Wani ma har ƙaho yake fitarwa, keratin zalla mai tauri da tsini, kuma duk ƙahon da aka cire sai an kai gindinsa ɗakin gwaji. Dajin kan leɓe da na kunne sun fi saurin bazuwa zuwa kaluluwa.

Shin ko kun san Allah ya yi wa baƙar fata garkuwa daga wannan? Sinadarin melanin da ke ba mu launi yana shanye mafi yawan wannan hasken kafin ya kai inda zai yi ɓarna. Wani bincike da aka yi a Amurka a 1979 ya kimanta kariyar baƙar fata da maki 13 a ma'aunin man kariyar rana, ta farar fata kuwa maki 3 da ɗoriya. Shi ya sa ɗan dako zai shekara talatin yana tura baro tsakanin kasuwar Singa da Kantin Kwari a tsakar rana, ba a ga kaushin rana a goshinsa ba. Kano tana kan digiri 12 ne kacal arewa da layin da ya raba duniya biyu, kuma daga Maris zuwa Mayu rana a tsakar ka take tsayawa. Duk wanda ba shi da wannan garkuwa a garin nan, kullum cikin haɗari yake kwana yake tashi.

Shin ko kun san su wane ne ba su da ita? Zabiyoyi.

Ku tsaya a bakin Kantin Kwari ko kan titin France Road da azahar, watarana za ku ga yarinya zabiya da farantin talla a ka, ko yaro zabiya yana bin motoci da ruwan leda, idonsa a tsuke saboda haske. Ku dubi ƙeyarsa. Yaro ne ɗan shekara goma sha biyu, amma fatar wuyansa ta yi kauri ta yi layi-layi irin ta dattijo. Saman kunnensa ya yi ja yana saɓa, leɓensa na ƙasa a fashe, a bayan hannunsa ga ɗige-ɗige masu ɓawo. Mutane na wucewa suna cewa ai haka fatar zabiya take. Ba haka take ba. Jaririn zabiya da fata sumul ake haifarsa. Duk abin da kuka gani a wuyan yaron nan rana ce ta yi shi, kuma da an rufe wurin tun yana goye da bai fito ba.

Shin ko kun san marubucin littafin yaran nan One Week One Trouble, Anezi Okoro, babban likitan fata ne? A 1975 ya wallafa binciken da ya yi a kan zabiyoyi 1,000 a Najeriya, aikin da har yau ake komawa gare shi idan ana maganar abin da rana ke yi musu. Bayan shekara goma, a 1985, likitoci a Darussalam ta Tanzaniya suka fitar da nasu a kan zabiyoyi 350. Sun ga alamar ɓarnar rana tun a shekarar farko ta rayuwa, kafin shekara ashirin kuwa fatar kowannensu ta fara sauyin da ke kai wa ga daji. Waɗanda ba su samu magani ba, da yawansu tsakanin shekara ashirin da arba'in cutar ke ɗauke su.

Shin ko kun san gishiri ba shi da laifi a ciki? A tsakanin wasu al'ummomin kudu, waɗanda da yawansu ke zaune a Sabon Gari tun zamanin da jirgin ƙasa ya iso Kano, akwai tsohon zancen cewa zabiya ba ya cin gishiri, wai shi ke fito masa da tabo. Sai a hana yaro gishiri a miya, a kuma tura shi aike da tsakar rana kansa a buɗe. Mu ma muna da namu camfe-camfen. Gaskiyar lamarin gado ne: sai uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar halittar, ko da su baƙaƙe ne wuluk, sannan a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi zabiya. Ba laifin uwa ba ne, ba aikin aljanu ba ne, ba a kuma ɗauka ta hanyar cin abinci tare.

Shin ko kun san ranar 13 ga Yuni ce ranar zabiya ta duniya, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a ƙarshen 2014 aka fara bikinta a 2015? Kuma mutum na farko da majalisar ta naɗa ƙwararre mai sa ido kan haƙƙin zabiyoyi 'yar asalin Najeriya ce, lauya Ikponwosa Ero, ita ma zabiya. A cikin gida, Jake Epelle ya kafa gidauniyar zabiyoyi a 2006, kuma dajin fata na cikin manyan abubuwan da ta sa a gaba.

Shin ko kun san maganin kaushin rana, in an tare shi da wuri, bai kai minti ɗaya ba? Ruwan naitirojin ake amfani da shi, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Likita zai fesa shi ko ya ɗiga da auduga a kan kaushin na 'yan daƙiƙoƙi. Wurin ya yi fari fat ya daskare, majiyyaci ya ji raɗaɗi, sannan ya narke ya yi ja. Kashegari ƙila ya yi bororo, bayan mako ɗaya ko biyu ɓawon ya faɗi, sabuwar fata ta fito. Ba yanka, ba ɗinki, ba kwanciya a asibiti. A jikin baƙar fata kam ana taka-tsantsan da shi, domin ƙwayoyin da ke samar da launi ba sa jure sanyi, wurin yana iya zama fari. Ga zabiya wannan ba abin damuwa ba ne.

Idan kaushin ya yi yawa ya mamaye goshi ko hannu, sai a koma ga man shafawa. Mafi shahara shi ne fuloroyurasil, maganin daji da aka haɗa a Amurka a 1957, wanda aka mayar da shi mai. Ana shafa shi sau biyu a rana na mako biyu zuwa huɗu. A nan mutane da yawa ke karaya: wurin zai yi jajir, ya yi ɓawo, ya yi raɗaɗi, har kaushin da ido bai gani ba ya fito fili. Sai mai shi ya ce maganin bai karɓe shi ba, ya jefar. Alhali aikin ke nan yake yi, yana cinye gurɓatattun ƙwayoyi ya bar lafiyayyu. Wani gwaji da aka yi a Holan aka wallafa a 2019 ya gwada hanyoyi huɗu, wannan man ya zo kan gaba. Akwai imikwimod da ke zaburar da garkuwar jiki ta yaƙi wurin da kanta, akwai man dikulofenak na musamman, akwai kuma hanyar shafa sinadari a haska masa fitila. Duk cikinsu ba na saye a kemis bisa shawarar maƙwabci ba ne, kuma mai juna biyu ba ta taɓa fuloroyurasil.

Shin ko kun san an taɓa yin maganin kaushin rana daga nonon wani tsiro ɗan uwan tinya da aguwa? Da sunan Picato aka sayar da shi, amma a 2020 Tarayyar Turai ta janye shi bayan an ga masu amfani da shi sun fi samun dajin fata. Wannan fa wanda aka tace aka auna ke nan. Ina ga ɗanyen nonon tinya ko na tumfafiya da ake ɗiga wa tsiron fata a gida, wanda in ya fantsama a ido yana iya makantarwa?

Shin ko kun san malafa magani ce? Hular hana-salla mai baki a gaba tana barin kunne da ƙeya a waje, wuraren da cutar ta fi kamawa. Malafar kaba mai faɗin baki kuwa tana inuwantar da fuska da kunne da wuya gaba ɗaya. Buzayen da ayarinsu ke sauka a Fagge tun kafin zuwan Turawa, da rawaninsu da amawalinsu, sun daɗe da sanin yadda ake zama da rana. Uwar zabiya da ta shiga Kwari sayen yadi, ga gwaji mai sauƙi: ta ɗaga ƙyallen sama ta fuskanci haske. In tana hango rana ta cikinsa, to rana ma tana hango fatar ɗanta. Yadi mai matsattsiyar saƙa da duhun launi ya fi leshi mai huji da farin boyel mai shara-shara. Riga ta zama mai dogon hannu da wuya, a haɗa da tabarau da lema. Hijabi yana rufe kunne da wuya, amma hanci da leɓe da bayan hannu suna waje, kada a manta da su.

Daga ƙarfe goma na safe zuwa la'asar ne hasken ya fi dafi, kuma hazo ko gajimare ba sa tare shi duka. Ina roƙon malaman makarantun allo da na boko: almajiri ko ɗalibi zabiya kada a tsayar da shi a rana da sunan horo, kada a tura shi bara ko sharar fili da hantsi. In za a sa shi sana'a, a nema masa ta cikin inuwa, ɗinki ko tsaron shago, ba talla ko acaɓa ko noma da tsakar rana ba.

Shin ko kun san man kaɗanya, duk da amfaninsa, ba ya maye gurbin man kariyar rana? Zabiya yana bukatar mai lambar SPF 50, a shafa da kauri kafin a fita, a maimaita bayan kamar awa biyu, da bayan alwala ko gumi mai yawa. Tsadarsa ce ke hana talaka, domin kusan duk daga waje ake shigo da shi. A Moshi ta Tanzaniya, cibiyar horar da likitocin fata ta fara haɗa nata mai suna Kilisun a 2012 tana raba wa zabiyoyi, ma'aikatanta kuma suna zagaya garuruwa da tulun naitirojin suna duba su a kai a kai. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka man kariyar rana a jerin muhimman magungunanta. Garin da ke da 'yan kasuwar magani irin na Kano, waɗanda suka cika Sabon Gari kafin a mayar da su Dangwauro, bai kamata a ce wannan ya gagare shi ba.

Shin ko kun san mai bilicin da hannunta take cire garkuwar da aka haife ta da ita? Haidurokwinon da ke cikin mayukan bilicin yana hana fata yin melanin, sitiroyid yana sirantar da ita har jijiyoyi su bayyana, wasu mayukan kuma da zaiba a ciki mai lalata ƙoda. A 2010 likitocin fata a Dakar suka ba da rahoton matan da dajin sukwamos ya kama bayan shekaru suna shafa irin waɗannan mayuka. Kwaddibuwa ta haramta su a 2015, Ruwanda ma ta bi sahu, hukumar NAFDAC kuma ta sha yin gargaɗi a kansu. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne iyayen da ke shafa wa jarirai.

Shin ko kun san cewa a wurin baƙar fata, tsohon gyambo ya fi rana haifar da dajin sukwamos? Miki a ƙwauri da ya shekara yana warkewa yana dawowa, ko tabon ƙunar wuta na tun yarinta da ya buɗe bayan shekara ashirin ko talatin, suna iya rikiɗewa. Sunan wani likitan Faransa, Marjolin, wanda ya yi rubutu a kan irin wannan miki a 1828, aka laƙaba wa lalurar. Da likitocin Kano suka bi diddigin dajin fatar da aka gwada a garin, a wani nazari da suka fitar a 2004, nau'in sukwamos ne ya fi yawa, melanoma na biye. Gyambon da bakinsa ya yi tudu ya juyo waje, yake wari, yake jini da an taɓa, ya wuce wanki da bandeji.

Shin ko kun san ruwan sha ma yana sa keratosis? Gubar asanik da ke cikin wasu duwatsun ƙarƙashin ƙasa tana narkewa a ruwan rijiyar burtsatse, ba ta da launi, ba ta da ɗanɗano. Bayan shekaru ana sha, sai tafin hannu da na ƙafa su cika da ƙananan ƙulli masu tauri, jiki ya yi dabbare-dabbare, daga baya dajin fata ko na mafitsara ko na huhu ya biyo. A Bangaladesh miliyoyin mutane ne suka sha irin wannan ruwa daga rijiyoyin da aka haƙa musu tun shekarun 1970 don a raba su da kwalara. Nan kusa da mu, an same shi a lardin Yatenga na arewacin Barkina Faso. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce maikirogiram 10 a lita, kuma tafasa ruwa ba ya kawar da gubar. Bambancin wannan ƙulli da kantar hannun manomi ko ɗan dako shi ne, kanta inda ƙota ko igiya ke gurza take fitowa, wannan kuwa warwatse yake har inda ba abin da ke taɓawa.

Shin ko kun san dajin fata ne ciwon daji na farko da aka danganta da sana'a? A 1775 likita Percivall Pott na Landan ya gano cewa kunkunniyar da ke maƙale wa yaran da ke share bututun hayaƙi ita ke sa musu daji a fatar maraina idan sun girma. Kwalta da baƙin mai na inji suna ɗauke da dangin waɗancan sinadarai. Makanikin da ke wuni da tsumman baƙin mai a aljihun wando, da mai shafa baƙin mai a ƙurji da sunan magani, su ji wannan. Wutar walda ma UV take fitarwa mai ƙarfi, don haka gilashin fuska da riga mai dogon hannu wajibi ne ga ɗan walda.

Shin ko kun san wanda aka yi wa dashen ƙoda, aikin da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara tun 2002, yana shan magungunan rage garkuwar jiki har ƙarshen rayuwa, kuma wannan yana ƙara masa haɗarin dajin fata? Shi da mai ɗauke da cutar HIV, duk sabon tsiro ko miki a nuna wa likita.

Shin ko kun san zancen nan na “daji ba ya son ƙarfe” ya jawo asarar rayuka masu yawa? Saboda shi ake ƙin allura, ake ƙin a yanki ɗan nama a kai gwaji, ake yawo daga mai magani zuwa mai magani har ƙurjin da ke saman kunne ya cinye kunnen ya shiga wuya. Dalilin da ya sa ake ganin kamar aiki ne ke tayar da shi, sai ya riga ya bazu ake kai mutum asibiti. Gwajin kansa ɗan ƙaramin abu ne: allurar kashe zafi, a ɗebi naman da bai wuce ƙwayar wake ba, ɗinki ɗaya ko biyu, mutum ya tafi gida. Dajin sukwamos da aka cire yana ƙarami, mafi yawan masu shi warkewa suke yi sarai. Wanda ya yi nisa kuwa sai babban aiki da dashen fata, sannan a shiga layin gashi da na'ura a asibitin Shika ko na Sakkwato. Akwai likitocin fata a asibitin Malam Aminu Kano, mutanen gari kuma sun san asibitin Bela da ke Yadakunya a kan lalurorin fata. Zabiya, yaro ko babba, a duba shi daga ka har ƙafa duk wata shida, a leƙa bayan kunne da ƙeya da leɓe, ko da bai ce wani wuri na yi masa ciwo ba.